Farfelar da Ta Sha Miya

Ranar Alhamis ɗin da Malam Labaran ya faɗi karo na uku, Iya Mariyamu ko ihu ba ta yi ba. A faɗuwar farko ta yi ihu har masu raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, suka tsaya a bakin titi. A ta biyu salati ta yi. A wannan kuwa tsayawa ta yi da hannu a ƙugu tana kallon mijinta, dattijo ɗan shekara sittin da takwas, kwance ɗai-ɗai a tsakiyar filin ƙwallon da ke ƙarshen unguwar Umbadda a Umdurman, rawani can, takalmi can, yana ƙyalƙyala dariya.

"Hajiya, zo ki riƙe mini ƙasar nan! Tafiya take yi!"

"Ƙasa tana nan inda ka bar ta, Malam. Kanka ne ya tafi yawo."

Abin da ya kayar da shi jirgin sama ne. Ba irin wanda ke tashi daga Khartum da alhazai ba, a'a, ɗan ƙarami ne na katako marar nauyi, faɗin fukafukansa bai wuce kamu biyu ba, an shafe shi da fenti ruwan ɗorawa. A hancinsa akwai inji kamar kwalbar turare, sai farfela, wadda mutanen nan ke kira marwaha, suna ɗaya da fanka. Wayoyi biyu sirara masu tsawon taku ashirin sun fito daga fiffikensa zuwa wani mariƙi da ke hannun matuƙi. Matuƙi na tsaye a tsakiya, jirgi na kewaya shi. In ya ɗaga hannu jirgi ya yi sama, in ya sauke ya yi ƙasa. To amma fa duk inda jirgi ya nufa dole mutum ya juya ya bi shi da fuska, kamar raƙumin da ke juya turmin man riɗi. Kuma injin nan ba birki ba totur. Da zarar ya tashi, sai mai ya ƙare, minti biyar cur mutum na hajijiya.

Kada ku yi saurin cewa tsoho ya zare. Tun yana ƙarami a gonakin audugar Jazira, aikin Labaran shi ne tsayawa a bakin gona da tuta, jirgin feshi ya taho ƙasa-ƙasa ya wuce ta kansa. Sauran masu tuta kan kwanta su toshe kunne, shi kuwa sai ya ɗaga kai yana leƙen matuƙin. Daga baya ya zo Umdurman ya shekara arba'in yana kanikanci, har bayansa ya ce ya isa. Ran da ya ajiye sifana ya hau angareb, gadon igiyar nan da ke gindin dalbejiya a tsakar gida, kusan shekara biyu bai sauko ba sai salla. Mutumin da a da ba a iya rufe masa baki ya koma kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Mariyamu ta kawo abinci, ya ɗan taɓa ya ture. Ta ba shi labari, ya ce "to". Wannan "to" ɗin ta fi ta mata ciwo da a ce faɗa yake yi.

Sai wata rana Ustaz Abdulmun'im ya aiko kiransa. Tsohon malamin makaranta ne a Khartum, Labaran ne ya riƙe masa ran tsohuwar motarsa shekara ashirin. Zai koma Masar wurin ɗansa, yana rabon kayansa. Ya miƙa wa Labaran jirgin nan, ya nuna masa yadda ake tuƙi, ya haɗa masa da wata jakar yadi cike da farfeloli na katako, manya da ƙanana. Haka Labaran ya haye gada a cikin hafla, wato bas ɗin haya, da jirgi a cinya, fasinjoji na sunkuyar da kai. Ya shigo gida yana magana tun daga ƙofa, kuma tun ranar bai yi shiru ba. Ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Har waƙa Mariyamu ta ji yana yi a makewayi.

Da yake jirgin sai an sami mai riƙe wutsiyarsa har matuƙi ya shirya, ita ce ta zama mai saki. Takan ɗaure mayafi a ƙugu ta durƙusa, ya ɗaga mata hannu daga tsakiyar fili, ta saki. Tana ƙorafi kullum, kuma kullum ita ke fara sa takalmi.

Matsalar ɗaya ce: jirgin ya cika sauri. Mariyamu ba ta da agogo, da tasbihi take auna shi. A tashin farko, kafin jirgi ya kewayo kanta takan yi Subhanallahi sau huɗu. Malam ya jure minti uku ya kife. Suka kira Ustaz a waya, muryarsa na yankewa tana dawowa.

"Sauri ya yi maka, ya Labaran. Duba jikin marwahar, akwai lamba biyu. Ka rage ta biyun. Ta biyu kawai!"

Malam ya sa tabarau ya duba. "Ta biyu tara ce," in ji shi. Ya zazzage jaka ya samo mai takwas, ta ɗan fi waccan gajarta. Aka ɗaura. Inji ya ƙara kuka, jirgi ya ƙara wuta, Malam ya sake kifewa. Aka sake kiran Masar, Ustaz ya ce abin mamaki, a ƙara ragewa. Aka sa mai bakwai. Ita ce ta yau, wadda ta sa injin ya yi ta tsiwa kamar sauro a cikin kunne, Subhanallahi uku ma da kyar ta cika, jirgi ya dawo. Allah ya taimaka hancinsa ya nutse a yashi mai laushi, bai karye ba.

Da la'asar sai ga Suhaila. Ita ce 'yarsu ta fari, nas ce a wani asibiti a Khartum, tana aure a unguwar Alhilla Kuku, can tsallaken kogi. Wani ya ɗauki faɗuwar a waya, ta bi hannu-hannu har ta haye kogi ta same ta a wurin aiki. Ta shigo ko mayafi ba ta cire ba.

"Baba, kalas! Ya isa haka. Abokan aikina na kallo suna dariya, ni kuwa ina kallon ƙugunka. Ka san yadda ƙashin mai shekarunka yake? Kamar biskit!"

"Biskit ɗin da ya ɗaga injin lori? Zauna ki sha shayi, sista."

"Ba na sha. Jirgin nan da shi zan tafi."

Mariyamu ta ga fuskar Malam ta fara komawa irin ta kan angareb. Ta ja 'yarta kicin.

"Ke, kin manta yadda ubanki yake kafin abin nan ya shigo gidan nan?"

"Ban manta ba, Iya. Amma gara mini uba mai shiru da uba mai karyayyen ƙugu."

"Ke kike cewa haka, don ba ke ke zama da shirun ba."

Suka yi ta ja-in-ja har ruwan shayi ya ƙone. A ƙarshe Suhaila ta fito tsakar gida ta yanke hukunci, tana ƙirgawa da yatsu. Asabar ta sama tana hutu, za ta zo da kanta. A cika tanki fal, ban da wayon zuba rabi. In Baba ya sauke jirgi yana tsaye a kan ƙafafunsa, jirgi ya zauna. In ko gwiwa ɗaya ta taɓa ƙasa, jirgi ya haye kogi ya hau saman kwabarta, an gama magana.

"Kwana tara ke nan," in ji Malam bayan ta fita. "Hajiya, na gano. Ba jirgin ba ne, kaina ne bai iya juyi ba. Kuma na san inda malaman juyi suke."

Washegari Juma'a, da rana ta yi sanyi, ya ja ta zuwa Hamad al-Nil, inda 'yan ɗariƙa ke taruwa zikiri. Ganguna na tashi, turare ya cika wuri, ga mutane cikin riguna kore da ja. Wani tsoho mai dogon carbi a wuya yana ta juyi a ƙafa ɗaya, ya fi minti goma, da ya tsaya kuwa ya taka ya tafi sumul kamar wanda ya tashi daga kujera. Malam ya bi shi ya gaishe shi da ladabi.

"Ya shehu, don Allah mene ne sirrin? Ni minti uku nake yi in faɗi."

"Kai ma zikiri kake yi?"

"A'a, jirgi nake tuƙawa."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi Mariyamu. Ta gyaɗa masa kai, alamar haka ne, ka yi haƙuri.

"To ni dai," in ji tsohon, "in na fara juyi ba na kallon komai. Ina sakin duniya ta yi ta kanta. Ka lumshe ido."

"In na lumshe ido jirgin zai faɗi."

"To buɗe."

"In na buɗe ni zan faɗi."

Tsohon ya yi dariya har carbinsa na kaɗawa. "Ɗan'uwa, naka ya fi ƙarfina. Allah ya tsayar da ku duka biyun."

Wannan bai sa Malam ya saduda ba. Ya ce horo ne kawai. Kwana huɗu yana atisaye a tsakar gida da muciya a hannu a madadin mariƙi. Ran Asabar ya ture butar alwala. Ran Lahadi ya faɗa kan igiyar shanya ya fito da zanen Mariyamu a ka. Ran Litinin ya yi karo da randa, Allah ya tsare ba ta fashe ba. Ran Talata kaji da sun gan shi ya miƙe sai su haye katanga. Mariyamu na dariya har da hawaye, amma in ta shiga ɗaki sai ta ƙirga kwanakin da suka rage, dariyar ta gushe.

Ran Laraba da hantsi Malam ya fita aski, ita kuma ta ɗora miyar weka, wato busasshiyar kuɓewa. Tsohon maburginta, wanda ta zo da shi tun daga Jazira, ya ɓuya a wani wuri, sai ta ɗauko sabon da maƙwabciyarta Awadiyya ta kawo mata tsaraba daga kasuwar Umdurman. Mufraka suke ce masa a nan, sanda ce da ɗan katako a gindi kamar jinjirin wata. Ta sa shi a tukunya ta murza da tafin hannu biyu. Fal! Miya ta yi tsalle ta sauka a murhu.

"Kai, wannan wane irin marar kunya ne?"

Ta ɗaga shi ta duba. Bai kai nata tsawo ba ma, ƙarami ne. Sai dai wanda ya sassaƙa shi bai daidaita hannu ba, bakin katakon a karkace yake, a murɗe. Ta lalubo tsohon nata a bayan buhun gawayi ta haɗa su. Nata ya fi faɗi, amma a kwance yake lumui, shi ya sa yake kaɗa miya a hankali ba ya zubarwa.

Ta tsaya da maburgi biyu a hannu, miya na tafasa, ita kuwa hankalinta na filin ƙwallo.

Ta sauke tukunya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko jakar Ustaz, ta zazzage a kan faifai. Lambobin da ke jiki ba su dame ta ba, ba ta taɓa shiga aji ba. Ta riƙa ɗaukar farfelolin ɗaya-ɗaya, ta kanne ido ɗaya ta leƙa su ta gefe, kamar mai duba ko tsintsiya ta miƙe. Ukun da Malam ya gwada, doguwa da matsakaiciya da gajeruwa, duk murɗarsu iri ɗaya ce, a karkace sosai. Tsayi kawai yake ta ragewa, karkatar na nan. Can ƙasan tarin ta ga wata doguwa da ba a taɓa ɗaurawa ba, ita kuwa a kwance take kamar tsohon maburginta.

Mariyamu ba mai yarda da ido kaɗai ba ce. Ta ɗebi miya ta cika babbar roba, ta ce wannan sadaka ce ga ilimi, ba mai shan ta. Ta samo siririyar sanda ta zura a hujin gajeruwar farfelar, ta ɗaure da zare, ta tsoma ta murza. Abin ya juya fir-fir ba nauyi, miya ta taso ta mare ta a goshi. Ta share da gefen zane tana dariya ita kaɗai. Ta kwance ta ɗaura doguwar mai kwanciya. Wannan ta yi mata nauyi a tafin hannu, ta ƙi yarda a yi gaggawa da ita, miya na bin ta a hankali tana kewaya roba.

"Yauwa, 'yar albarka. Ke ce mai hankalin gidan."

A haka Malam ya shigo ya same ta: matarsa zaune a ƙasa, kuɓewa a gira, farfelolinsa jere a faifai kowace na zubar da yauƙi.

"Innalillahi! Hajiya! Kayan Ustaz kike dafawa?"

"Zauna in koya maka tuƙin jirgi."

Ta nuna masa maburgai biyun, ta nuna masa karkata da kwanciya, ta sake murzawa a gabansa har miya ta taɓa sabon askinsa. Ya karɓi doguwar ya goge da hannun riga, ya sa tabarau.

"Ai ka ji! Wannan lambarta ta biyu tara ce. Inda na faro ke nan. Baya za ki mai da ni?"

"Tsayinsu ne ɗaya da ta farkon. Dubi bakinta, a kwance yake."

"Ustaz ya ce a rage ta biyu. Mutumin da ya koyar da lissafi shekara talatin!"

"Ustaz yana Masar. Ni ce nake kwaso ka daga ƙasa."

"Jirgi ba miya ba ne, Hajiya."

"Iska ma ai miya ce, ruwa ne ya yi mata yawa."

Sai ya tona tarin ya zaro wata 'yar ƙarama, ba ta fi tsawon cokali ba. "Ga ta nan, mai shida. Ran Asabar ita zan sa. Magana ta ƙare." Mariyamu ta tattara farfelolin. Ta wanke doguwar tas, ta shanya, ta soke ta a ƙugun zane.

Asabar da sassafe, kafin rana ta yi zafi, suka isa fili. Labari ya riga su zuwa. Awadiyya ta zo da kujerarta, mai shayin bakin titi ta matso da murhunta, masu raksha uku sun kashe inji sun zauna a kan rufi. Suhaila ta sauko daga hafla da jakar awon jini a kafaɗa da wani babban buhu a naɗe, wanda kowa ya gane na ɗaukar jirgi ne.

Malam ya shimfiɗa wayoyi, ya cika tanki a gaban idonta, ya ɗaura 'yar ƙaramar farfelarsa. Mariyamu ta ɗaure mayafi ta durƙusa ta kama wutsiya da hannu biyu. Sannan ta ce, a hankali yadda shi kaɗai zai ji:

"Malam, ba zan saki ba."

"Kamar yaya?"

"Ka tada shi in kana so. Zan riƙe har man ya ƙare a nan ƙasa. Da wannan cokalin a hancinsa ba zan saki ba."

"Hajiya, mutane na kallo."

"Su kalla. Gara su kalle mu muna faɗa da su kalle ka kana hawa angareb."

Ya juya wajen 'yarsa. "Suhaila, zo ki riƙe mini."

"Ni? La, la, Baba. Ni alƙali ce yau."

Ya dubi Awadiyya, ta ɗauke kai tana gyara kujera. Ya dubi matarsa. Ta zaro doguwar farfelar daga ƙugu ta miƙa masa. Shekara arba'in da uku suna tare, ya san wannan fuskar. Ya ja tsaki ya ɗauko sifana.

"In na faɗi, ke da maburginki za ku yi wa Ustaz bayani." Ya ɗaure ta, ya sunsuna. "Har yanzu warin kuɓewa take."

Ya haɗa batir, ya buga farfelar da ɗan itace. Sau ɗaya, sau biyu, a na uku inji ya kama. Ba tsiwar sauron nan ba, wata murya ce mai kauri, a natse, kamar ta mutumin da ya ƙoshi. Malam ya ɗan tsaya yana saurare da kunnen kanikanci, sannan ya ruga tsakiya ya ɗauki mariƙi. Suhaila ta ajiye buhu ta bi shi a guje.

"Zan tsaya a bayanka, Baba. In ka taho in tare ka."

Ta kama bayan jallabiyarsa. Ya ɗaga hannu. Mariyamu ta ce bismillahi ta saki.

Jirgi ya gurgura a ƙasa ya ɗaga, ya kama hanya. Ta fara ƙirga. Subhanallahi, Subhanallahi, Subhanallahi, ta ɗaga kai, jirgi na can ɗaya gefen bai iso ba. Huɗu. Biyar. Sai ga shi ya wuce ta kanta a natse, wayoyi a miƙe tsaf, rana na walƙiya a fiffikensa. Ta sake ƙirgawa don kada a ce son kai ne. Biyar, har da ɗan saura.

"Biyar!" ta ƙwala wa Awadiyya. "Biyar ne!"

"Biyar ɗin me?"

"Ke dai ki yi guɗa!"

A tsakiyar fili Malam na takawa a hankali, ƙafa bayan ƙafa, idonsa a kan jirgi. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Aka zo na uku inda ya saba kifewa, Mariyamu ta dafe ƙirji. Maimakon ya kife sai ya ɗaga hannu, jirgi ya hau sama, ya sauke shi ƙasa-ƙasa ya wuce kan ciyawa kamar mai feshin auduga. Sai ta ji ya ɗauko wata tsohuwar waƙar masu tsinkar auduga da ta yi shekara talatin ba ta ji a bakinsa ba. Masu raksha suka hau dukan rufi.

Wadda ba a lura da ita ba ita ce Suhaila. Shi Malam jirgi yake kallo, ita kuwa ƙafafunsa take kallo tana jiran su harɗe, ƙasa na gudu a ƙarƙashin idonta, kewaye bayan kewaye. Can sai aka ji muryarta.

"Baba, tsaya! Tsaya kaɗan!"

"Ba birki, sista!"

"Baba, filin... ya Allah, filin na juyawa!"

Ta saki riga, ta yi taku biyu gefe kamar mai rawa, ta zauna daɓas, ta kwanta rigingine. Malam ya zo kewayowa ya tsallake ta, ya sake zuwa ya sake tsallakewa.

"Riƙe ƙasar da kyau, 'yata, tafiya take yi!"

Awadiyya ta faɗo daga kujera don dariya. Mai shayi ta zubar da rabin buta. Mariyamu na so ta yi dariya, tsoro bai bar ta ba tukuna, don inji ya fara tari. Ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Fili ya yi tsit, ba ka jin komai sai iska a jikin wayoyi. Jirgi ya yi kewaye ɗaya yana saukowa, ya taɓa ƙasa, ya ɗan yi tsalle, ya gurgura ya tsaya kusa da ƙafarta.

Kowa ya juya ga Malam. Ya tsaya cak. Sai jikinsa ya karkata hagu, ya jefa ƙafa ɗaya. Ya karkata dama, gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Ya buɗe hannuwa kamar jirgin nasa, ya yi lilo, ya yi lilo, ya miƙe. Ya sa hannu ya gyara rawani.

Guɗar da Mariyamu ta rangaɗa, sai da karnukan unguwa suka amsa.

Suka taru a kan Suhaila, wadda ke kwance da hannu a ido. Malam ya buɗe jakarta ya ɗauko abin awon jini.

"Miƙo hannu, sista. A shekarunki ya kamata ki riƙa kula."

"Baba, don Allah bar ni." Ta tashi zaune da kyar tana dariya. "Me kuka canza? Wancan na waya kamar harsashi yake."

"Uwarki ce ta saɓa wa Ustaz. Ya ce a rage lamba ta biyu, ita ta mai da ni tara."

"Mu gani."

Aka kawo mata jirgi da jaka. Ta duba farfelar da ke hancin jirgin, an rubuta 9×4. Ta duba ukun da suka kayar da shi: 9×6, 8×6, 7×6. Ta dubi ubanta.

"Baba, nuna mini lamba ta biyu a nan."

Ya ɗora yatsa a kan tara. "Ga ta. Huɗu ta farko, tara ta biyu."

"Daga ina ka fara karantawa?"

"Daga dama mana, kamar kowane mutumin kirki."

Suhaila ta koma ta kwanta, wannan karon dariya ce ta kayar da ita. Da kyar ta iya magana. "Rubutun Turawa ne, Baba, daga hagu ake farawa! Ta hagu ita ce ta farko. Ta biyun da Ustaz ke nufi shida ce, kuma ba ka taɓa ta ba ko sau ɗaya. Iya ce ta rage ta zuwa huɗu!"

Nan take aka kira Masar. Da Ustaz ya ji bayani sai da ya yi ta tari don dariya. Ya ce ta farko tsayi ce, ta biyu kuwa yawan iskar da marwaha ke ciza a kowane juyi. In ka gajarta ta ka bar cizon, inji ya sami sauƙi ya ƙara gudu. "Wa ya gano muku?"

"Hajiya," in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta karanta injiniya ne?"

"A tukunyar weka."

Suhaila ta miƙe ta karkaɗe jikinta, ta ninke buhun da ta zo da shi ta cusa a jaka.

"Jirgi ya zauna. Amma da sharaɗi: Iya ce mai zaɓen marwaha. Kuma duk wanda ya ɗauke ni a waya, ya goge yanzu-yanzu." Masu raksha uku suka dubi sama a tare.

Suka kamo hanyar gida, Malam a gaba da jirgi a kafaɗa, yana ba mai shayi labarin yadda tun farko shi ma ya so ya yi zargin karkatar. Mariyamu ta bar shi ya yi ta zuba, muryar ai ita take so ta ji. Da suka shiga gida ya miƙo hannu zai karɓi jakar farfeloli ya kai ɗaki, ta kauce. Ta wuce kicin ta rataye ta a ƙusa, kusa da maburgai.